SANIN DUNIYA: Zanzibar, birnin da ruwa ya kewaye

Filin Sanin Duniya na wannan wata ya sauka gabashin Afirka, a birnin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya. Zanzibar tsibiri ne, wato ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye gabas da yamma, kudu da arewa. Mota ba ta kai mutum can, raƙumi ba ya kai shi. Sai jirgin sama ko jirgin ruwa.

Manyan tsibiran biyu ne: Unguja da Pemba. Birnin yana bisa Unguja, wanda tsawonsa ya kai kilomita 85, kusan tafiyar Damagaram zuwa Magarya. Ƙidayar 2022 ta sami mutum 1.889.773 a tsibiran duka, kuma kusan dukansu musulmi ne. Larabawan Oman sun yi sarauta can, sun cika gonaki da kanumfari, har Zanzibar ta zama babbar kasuwarsa a duniya. An yi cinikin bayi mai yawa a garin kafin a rufe kasuwar bayin a 1873. Ran 12 ga Janairu 1964 aka kifar da sarautar, ran 26 ga Afrilu na wannan shekara aka haɗe da Tanganyika, aka sami Tanzaniya.

A 2024 baƙin da suka shiga Zanzibar sun haura 700.000. Cikin masu zuwa akwai ɗan kasuwa, akwai ɗalibi, akwai ma'aikacin da aka aika taro. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Mutumin tudu da ya je bakin teku kuwa makantarsa biyu ce: bai san gari ba, bai san ruwa ba.

TAKARDU KAFIN TIKITI

Abu na farko fasfo. Ya kasance da sauran wata 6 aƙalla kafin ya mutu.

Abu na biyu biza. Nan ne mutane da yawa ke yin asara. Akwai ƙasashen da mutanensu ke samun biza a filin jirgi in sun sauka. Nijar ba ta cikinsu, haka Najeriya da Cadi da Mali. Mai fasfon Nijar sai ya nema tun yana gida, ta intanet, ya jira hukumar shige da fice ta Tanzaniya ta ba da izini. Ana so a nema wata 2 kafin ranar tafiya. Kada a sayi tikiti sai izinin ya fito. Wanda ya yi gaggawa ya saya, ranar ta zo biza ba ta zo ba, kuɗinsa sun tafi. Bizar ziyara kuma ba ta aiki ba ce. Saurayin da wani ya yi wa alkawarin aiki a otel, ya ce ya zo kawai za a gyara takardu daga baya, ya yi hattara.

Abu na uku takardar allurar ciwon shawara, mai launin ɗorawa. Ana tambayarta ga duk wanda ya fito daga ƙasar da ciwon yake, Nijar na ciki. A yi allurar kwana 10 aƙalla kafin tashi. Tun 2016 allura guda ta isa har iyakar rai, saboda haka mai tsohuwar takarda ya nemo ta.

Abu na huɗu inshora. Tun ran 1 ga Oktoba 2024 hukumar Zanzibar ta tilasta wa kowane baƙo ya sayi inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta. Kuɗinta dalar Amurka 44, wajen jika 25 na sefa gwargwadon canjin ranar, kuma tana aiki kwana 92. Ko mutum yana da wata inshora daga gida, sai ya sayi wannan.

Dukan takardun nan a yi musu hoto. Kofi ɗaya a bar wa iyali, ɗaya a sa cikin jaka dabam, ɗaya cikin salula. Ko daga Darussalam mutum ya ƙetaro, cikin ƙasa guda, za a sake duba fasfonsa a tashar Zanzibar.

LOKACIN DA YA DACE

Zanzibar tana kudu da tsakiyar duniya, shi ya sa lokutanta suka saɓa da na Nijar. Sa'ad da hunturu ke kaɗawa a Tawa da Maraɗi, daga Disamba zuwa Fabrairu, can zafi ake yi. Zafin bai kai na bazarar Yamai ba, bai cika wuce awo 33 ba, amma iska a jiƙe take. Gumi ba ya bushewa, rigar da aka wanke ta kan kwana ba ta sha iska ba.

Damina biyu suke da ita. Babbar daga Maris zuwa Mayu, ƙaramar wajen Nuwamba da Disamba. Ruwan da ke sauka can a shekara ya ninka na Maraɗi sau uku. Cikin babbar damina lunguna su kan cika da ruwa, sauro ya yi yawa. Daga Yuni zuwa Oktoba gari ya fi sanyi da daɗin yawo, sai dai iskar kudu ta kan tayar da teku.

A guji kuma kwanakin zaɓe. A zaɓen Oktoba 2025 an yi tarzoma a Darussalam da wasu garuruwa, an rasa rayuka, an kafa dokar hana fita, an yanke intanet. Baƙo ba shi da abin yi wurin taron siyasar wata ƙasa.

HANYA DA JIRGIN RUWA

Daga Yamai ana iya tashi zuwa Adis Ababa ta ƙasar Habasha, a canja jirgi zuwa Zanzibar. Wasu su kan sauka Darussalam, su shiga jirgin ruwa. Ƙetarewar wajen awa 2 ce a babban jirgi mai sauri.

Maganar jirgin ruwa ba ta wasa ba ce. Ran 9 ga Satumba 2011 wani jirgi mai suna Spice Islander ya tashi daga Unguja za shi Pemba cikin dare. An yarda masa ya ɗauki mutum ƙasa da 700, ya ɗauki fiye da 2.000, ga kaya bisa kaya. Ya kife. Binciken gwamnati ya ce mutum fiye da 1.500 suka mutu ko suka ɓace. Shekara ba ta cika ba, ran 18 ga Yuli 2012, wani jirgin mai suna Skagit ya kife cikin iska tsakanin Darussalam da Zanzibar, fiye da mutum 100 suka halaka.

Wanda ya saba da motar kasuwa ya san lodi ya wuce kima, ya kan ce Allah ya kiyaye ya hau. Amma motar da ta lalace a daji, fasinja su kan sauka su zauna gindin itace. Cikin teku babu wurin sauka. Saboda haka:

A sayi tikiti a tagar kamfani da kansa, a ga sunan mutum rubuce a kai. Kada a saya hannun masu tare mutane a ƙofar tasha.

A yi tafiya da rana, cikin babban jirgi. Jirgin katako mai tafiya da iska ya fi araha, amma araha ba ta ado.

In mutum ya shiga, ya duba inda rigunan ceto suke da inda ƙofa take, tun jirgi bai tashi ba.

In ya ga jirgi ya cika har ana zama bisa hanya, ko hadari ya haɗu, ya jira na gobe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda bai taɓa shiga teku ba zai iya jin jiri da amai. Ya ci abinci kaɗan maras mai, ya zauna tsakiyar jirgi, ya riƙa duban nesa inda ruwa ya haɗu da sama. Ana sayar da maganin wannan a farmasi.

AGOGO, KUƊI DA HARSHE

Agogon Zanzibar yana gaban na Nijar da awa 2. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ke ruɗa baƙo shi ne lissafin Suwahili. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga. Ƙarfe 7 na safe shi ne "saa moja", wato awa ɗaya. Tsakar rana "saa sita", awa shida. In mai jirgi ya ce a zo "saa mbili", wato awa biyu, ƙarfe 8 yake nufi. Dabarar ita ce a ƙara 6 ko a rage 6. In ana shakka, a sa shi ya nuna lokacin bisa agogo.

Kuɗin ƙasar shiling ne. Sefa ba ta da kasuwa can. A canja ta tun a gida zuwa dalar Amurka ko yuro, kuma a nemi sababbin takardu, don masu canji su kan ƙi tsofaffin takardun dala. Tun watan Maris 2025 doka ta ce ciniki cikin ƙasa da shiling za a yi shi. A yi canji a banki ko gidan canji mai lasisi, a ƙirga kuɗi kafin a bar taga. A raba su biyu ko uku, kada a zuba su aljihu guda.

Wajen ƙirga Bahaushe yana da sa'a, don harsunan biyu sun sha daga Larabci. Ashirin "ishirini" ce, arba'in "arobaini", hamsin "hamsini", sittin "sitini", saba'in "sabini", tamanin "themanini". Sabulu "sabuni", alƙalami "kalamu", asuba "asubuhi", kanumfari "karafuu". Ƙananan motocin haya ma "dala-dala" ake ce musu, don kuɗin shiga a da shiling 5 ne, wanda suke kira dala, kamar yadda tamma 5 take dala a Nijar.

Sallama iri ɗaya ce da ta ko'ina. Babba ana gaishe shi da "shikamoo", ya amsa "marahaba". Na gode "asante". Ruwa "maji". Nawa ne "bei gani". Kalmar da baƙo zai fi bukata kuwa ita ce "hapana, asante": a'a, na gode.

CIKIN TSOHON GARI

Tsohon garin, wanda suke kira Mji Mkongwe, an gina shi da dutsen teku da farar ƙasa. A shekara ta 2000 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Gidajen benaye ne masu ƙofofin katako da aka sassaƙa. Lungunan sun fi na unguwar Birni ta Damagaram ƙunci da murɗewa, mota ba ta shiga yawancinsu. Kowane baƙo sai ya ɓace. Ba abin tsoro ba ne, don garin ƙarami ne. A tambayi mai kanti hanyar Forodhani ta bakin ruwa ko kasuwar Darajani. A riƙe kuma katin masauki cikin aljihu. Matambayi ba ya ɓata.

Gine-ginen sun tsufa. Ran 25 ga Disamba 2020 wani sashe na babban gidan sarki da ake kira Beit al-Ajaib ya rushe ana cikin gyaransa. In ana ruwa mai ƙarfi kada a fake ƙarƙashin tsohon bene mai tsaga.

Motoci hannun hagu suke bi, ba dama ba kamar Nijar. Mai ƙetare hanya ya fara duban dama. Babura kuma su kan kutso cikin lungu, in an ji ƙaho a manne da bango. Taksi ba shi da mita, a yi ciniki kafin a shiga. Mai hawa kabu-kabu, wanda suke kira "boda-boda", ya nemi hular kwano.

A tashar jirgi da bakin ruwa akwai samari masu bin baƙo. Mutanen gari suna ce musu "papasi", wato kaska. Wannan ya ce zai kai mutum masauki, wancan ya ce yana da kwale-kwale. Ba dukansu ɓarayi ba ne, amma ladarsu bisa kan baƙo take hawa. A ƙi su da fara'a, ba da zagi ba. Mai son jagora ya nemi wanda ke da katin hukuma, ta hannun masauki.

Rana ta kan faɗi wajen ƙarfe 6 da rabi duk shekara, duhu ya rufe nan da nan. Kada a bi lungu maras fitila ko bakin ruwa inda ba kowa. Kada a riƙa tafiya da salula a hannu cikin kasuwa. In ɓarawo ya fito da wuƙa a ba shi abin da ya nema, rai ya fi dukiya. Lambar ƴan sanda 112.

TEKU BA TABKI BA CE

Yaron da ya iya iyo a tabkin Madarunfa ko kogin Isa kada ya ɗauka ya san teku. Ruwanta gishiri ne, ba a sha, wanda ya sha ƙishirwa za ta ƙaru. Kuma ba ta tsayawa wuri guda. Cikin yini da kwana ta kan cika sau biyu, ta janye sau biyu. Wajen awa 6 tana hawa, wajen awa 6 tana sauka, kuma kullum lokacin ya kan jinkirta da kusan minti 50. Wata ne ke jan ta. Ranar tsayuwar wata da daren sha huɗu ta fi cika, ta fi janyewa, har bambancin ya kai mita 3 zuwa 4.

A gabashin tsibirin, wajen ƙauyukan Paje da Jambiani, in ruwa ya janye sai a ga farin rairayi har nisan kilomita guda ko fiye. Baƙo ya yi ta tafiya yana kallo. In ruwa ya juyo, ya kan fara cika kwaruruwan da ke bayan mutum, ya yanke masa hanya. Kafin a shiga a tambayi masunta yaushe ruwa zai komo.

Kada a taka ƙasan teku ba takalmi. Dutsen teku yana yanka kamar aska, kuma ciwonsa ya kan yi ruwa. Akwai wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya, in an taka ta ƙayar ta karye cikin ƙafa. A jiƙa ƙafar cikin ruwan zafi wanda jiki zai iya jurewa, a tafi gidan likita. Turakun da za a gani jere cikin ruwa gonakin mata ne, ciyawar teku suke nomawa suna sayarwa. Wanda ya ratsa su kamar ya saki dabba cikin gero ne.

In igiya ta ja mai iyo zuwa ciki, kada ya yi kokawa da ita. Ya bi ta gefe, daidai da gaɓa, har ta sake shi, sa'an nan ya fito. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa. Mai zuwa tsibirin Changuu kallon manyan kunkuru, tafiyar rabin awa a kwale-kwale, kada ya shiga sai an ba shi rigar ceto. Yara kuwa ba a ɗauke musu ido ko na minti guda.

CI DA SHA DA LAFIYA

An yi annobar kwalara a Zanzibar a 2015 da 2016. A sha ruwan kwalba mai hatimi ko wanda aka tafasa. Ruwan ɗanyar kwakwa, "madafu", da aka fasa gaban mutum yana da tsabta. Ƙanƙarar da ake sawa cikin ruwan rake ita ce abin tsoro.

Da magariba dandalin Forodhani ya kan cika da masu gasa kifi da sauran naman ruwa. A tambayi kuɗi kafin a ci. A zaɓi abin da aka gasa yanzu, da zafinsa, ba wanda ya daɗe bisa tebur ba. Cikin da ya saba da tuwo da fura a bi shi sannu. Naman kunkurun teku kuwa kada a kusance shi ko kyauta ne. A watan Maris 2024 mutum 9 sun mutu a Pemba bayan sun ci shi, 8 daga cikinsu yara. A otel-otel na baƙi ana sayar da giya da naman alade, a tambaya kafin a ci.

In zawo ya kama mutum, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, a yi ta kurɓa. In bai tsaya ba, ko da jini, a tafi asibiti. 

Zazzaɓin cizon sauro ya ragu ƙwarai a tsibirin, amma bai ƙare ba. Akwai kuma sauro mai cizo da rana wanda ke kawo zazzaɓin dengi. A kwana cikin gidan sauro, a shafa maganin korarsa. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya tafi da maganin da zai ishe shi, tare da takardar likita.

LADABI DA DOKA

Masallatai sun kai 50 cikin tsohon garin. Alƙiblarsu arewa take, ba gabas ba, don Makka tana arewa da su. Wanda zai yi salla a ɗaki ya tambaya. Yawancinsu mazhabar Shafi'i suke bi, za a ji liman yana bayyana bisimilla, yana alƙunut bayan ruku'u da asuba. Baƙo ya bi liman, ba wurin gardama ba ne. Da azumi ba a ci ba a sha a fili, matafiyi mai uzuri ya ci cikin ɗaki.

Hukuma ta hana yawo cikin gari da tufafin da ba su rufe kafaɗa da gwiwa ba. Kada a ɗauki hoton mutum, balle mace, sai da izini. Barikin soja da ofishin ƴan sanda ba a ɗaukarsu sam.

Tun ran 1 ga Yuni 2019 an hana shiga Tanzaniya da leda. A zuba kaya cikin jakar tufa. Wutar lantarkinsu mai baki uku ce irin ta Ingila, cajar Nijar ba ta shiga sai da mahaɗi. Kada a karɓi saƙon wanda ba a sani ba, don hukuncin miyagun ƙwayoyi mai tsanani ne. Dutsen teku, ƙwaryar kunkuru da hauren giwa ba tsaraba ba ne, ƴan duwan za su kama mai su.

Tsarabar Zanzibar ita ce kanumfari, kirfa, masoro da citta. Ƙullin da za a kai wa uwargida ba laifi. Amma sayen kanumfari daga manoma da fitar da shi buhu-buhu a hannun hukuma yake, yin sa ta bayan fage fasa-ƙwauri ne. Ɗan kasuwa ya bi ta ofis, ya karɓi takarda.

Kafin a rufe jaka a ƙirga abu 5: fasfo, biza, takardar allura, inshora, da lambar wani a gida wanda ya san masaukin matafiyi da ranar komowarsa. Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma rigakafi ya fi magani. Allah ya kai kowa lafiya, ya maido shi cikin iyalinsa lafiya. Sai wata mai zuwa.